Ranar da Motata Ta Durƙusa wa Gwaggo Hajara

Ba zan taɓa mantawa da bikin ƙanwar matata ba, ko da kuwa na so in manta, domin mutanen garinmu ba za su bar ni ba. Yau ma a gajiye na dawo daga gona, wani ya tare ni a ƙofar masallaci ya sake tayar da maganar. Shi ya sa na ce gara in ba da labarin da bakina in huta.

Ina da wata tsohuwar a-kori-kura da nake kai gero da gyaɗa kasuwar Minjibir. Ba ta da kyau, amma ba ta taɓa kwana da ni a hanya ba. Laifinta ɗaya a idona: gabanta ya fi bayanta tashi, ko ba kaya a ciki, kamar mai hangen wani abu ta saman katanga. Shekaru ina hawanta a haka ban damu ba, sai da na fara ganin wasu motoci a waya, an sauke gabansu ƙasa-ƙasa, suna tafe kamar suna shinshinar titi. Masu su suka ce abin ba wuya, sifirin ɗin gaba, wato murɗaɗɗen ƙarfen nan da ke riƙe da nauyin mota a saman taya, shi ake rage wa tsawo. (A lokacin na haura arba'in, da furfura a gemuna. Na faɗa ne don kada wani ya yi mini uzurin ƙuruciya.)

Na tafi wurin abokina Sale mai walda. Da Allah ya haɗa ni da mai hankali da ya kore ni, amma Sale ya fi ni ɗoki. Muka ɗaga mota a jak, muka ciro sifirin biyun, ya yanke zagaye ɗaya-ɗaya da injin yankan ƙarfe. Da muka mayar, sai ɓangaren direba ya fi ƙasa. Muka sake cirowa muka rage na dama. Sai na dama ya fi ƙasa. Duk wanda ya taɓa gyara gashin baki a madubi ya san inda wannan hanya take kai mutum. Da rana ta yi sanyi ƙuguna ya riƙe, hannuwana duk sun kumbura, Sale ya ja da baya ya karkata kai.

"Ai idan ka zauna a ciki, nauyinka zai daidaita ta," in ji shi.

Na yarda, don na gaji.

Matata ta leƙo ta gan ta a ƙofar gida, ta ce, "Malam, tayar gaba ta sace ne?" Na ce ba ta san ado ba.

A makon nan aka yi bikin ƙanwarta, kuma ni surukina ya ɗora wa kai kayan ɗaki ƙauyen ango. Muka loda gado da katifa da kabad da kwalaye har sama. Kaya a baya yana ɗaga gaban mota, don haka tafiya ta yi lafiya lau, har ina jin daɗin yadda samari suke bin ta da kallo. Mata masu jere suka biyo mu a bas.

Da suka gama jere bayan la'asar, aka ce Gwaggo Hajara, yayar surukina, ba za ta koma a bas ba saboda gwiwoyinta, in tafi da ita a gaban mota. Gwaggo Hajara mace ce mai jiki, mai kwarjini, wadda ko surukina ba ya zama sai ta zauna. Ni kuwa tun da na auri 'yar ƙaninta ban taɓa haɗa ido da ita ba. Dangin ango maza da mata suka fito rakiya, ana ta godiya da addu'a. Na buɗe mata ƙofa na durƙusa gefe. Ta yi bisimilla, ta kama murfi, ta hau, ta zauna.

Sai muka ji ƙas, sannan gurum.

Sifirin na dama, wanda muka yanke har bakinsa ya daina zama daidai a mazauninsa, ya goce. Gaban motar ta ɓangarenta ya zube a kan taya. Gwaggo ta karkata ta jingina da ƙofa, mayafinta ya zame.

Can a bayan mata wata ta ce a hankali, amma kowa ya ji, "Ikon Allah, Hajiya ta karya mota." Wasu 'yan mata suka toshe baki da gyale. Na ɗaga kai, karon farko a rayuwata na kalli fuskar Gwaggo, na ga idonta ya kawo ruwa. Tsohuwa ce da ta zo fitar da 'yarta kunya a gidan surukai, ga shi an mayar da ita abin dariya.

"Ɗan nan," ta ce da ni, muryarta ƙasa, "ni ce na yi mata nauyi?"

Wallahi na so in yi shiru. Da na yi shiru da kowa ya tafi da cewa ita ce. Amma na miƙe na juya wajen jama'a, na ce, "Ba Gwaggo ba ce. Ni na yanke ƙarfen da ke riƙe da gaban."

Baban ango, dattijo mai sanyin magana, ya matso ya leƙa ƙarƙashin motar. "Ya lalace ne ka yanke?"

"A'a, Baba, lafiyarsa ƙalau."

"To me ya sa?"

Na ce, "Don ta yi kyau."

Ya dubi motar, da tsatsarta da fitila ɗaya da igiyar da na ɗaure bamba da ita, ya dube ni, ya ce, "Allah ya kyauta." Sai a lokacin dariyar ta ɓarke, kuma duk ta dawo kaina. Har Gwaggo, ana riƙe da ita ana saukowa, kafaɗunta suna rawa.

A daidaita sahu aka samo mata. Ni na koma gida a bayan babur ɗin wani ƙanin ango, yana tuƙi yana dariya har muna neman faɗawa gonar dawa. Motar ta kwana a ƙofar gidan ango, a durƙushe, aka kawo amarya ta wuce ta gabanta. Kafin in samo wani sifirin a Kano an fara cirar gyaɗa, sai a amalanken maƙwabcina na kwaso tawa, ina tafe a bayan shanu ana gaishe ni da "Sannu mai ado."

Gwaggo ba ta riƙe ni ba. Da sallah na je gaishe ta, ta sa aka zubo mini tuwo da yawa, ta ce in ci in ƙoshi, tunda kujerunta ba wanda ya rage musu ƙafa.

Abin da na koya ba shi da yawa. Idan hannuna ya fara ƙaiƙayin taɓa wani ƙarfe da ke zaune lafiya, sai in shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya in kwanta har ya daina. Yawanci kafin magariba ya wuce.