Layin da Ya Gaisa da Kansa

Da can in layin sadarwa tsakanin ofishinmu na Ƙanƙara da na Sabuwa ya mutu, babur ake hawa. Yanzu umarni ake bugawa a kwamfuta. Da ya mutu kwanan baya, ni da na gyara irinsa a Yamai da Jidda, na hana a tura kowa. Na aika saƙon gwaji, wanda sai ya kai Sabuwa yake dawowa, ya dawo nan take.

"Ya tashi! Ko a Jidda ban ga wannan sauri ba."

Kwana biyu Malam Idi yana kira daga Sabuwa: "Alhaji, mu hwa shiru!" Na ce kwamfutarsa ce ta tsufa.

Ashe ban cire umarnin da na sa wajen gyara ba, wanda ke juyo da saƙo gida tun bai kai Sabuwa ba. Da kaina nake gaisawa. Har yau in na yi gaisuwar "ina kwana" a ofis, sai a ce, "Jira, Alhaji, za ta dawo maka."