Rasuwar Ƙaramar Tashar Bukit Tempua

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Mista Selvadurai na Taiping, tsohon shugaban tashar jirgin ƙasa, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar ƙaramar tasharsa ta Bukit Tempua. Ta cika ranar Talata da hantsi a lambun bayan gida, tsakanin bishiyar gwanda da igiyar shanya, tana da shekara goma sha tara. Tsayinta bai wuce gwiwa ba.

Marigayiyar 'yar asali ce. Ranar da aka rushe babbar tashar da ya yi shekara talatin yana riƙewa, Mista Selvadurai ya ɗauko katakon tagar sayar da tikiti ya ɗaure a bayan keke. Daga wannan katako guda ya yanko ginshiƙai da benci da ƙofofin da ke buɗuwa da gaske. Rufinta gwangwanayen madara ne da ya lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya, har suka yi tudu da kwari irin na kwano. Ba ta taɓa ɓata wa fasinja rai ba, duk da cewa fasinjojinta goma sha huɗu na yumɓu ne, kuma tun ranar da aka manna su suke jira. In ruwa ya sauko, rufin yakan ce kwar-kwar-kwar, sai mai ita ya kashe rediyo ya saurara.

Game da jinya, an samu saɓani a cikin gida. Kowace safiya matarsa Kamalam takan yayyafa ruwa a ƙofar gida ta zana kolam, wato zanen ado na ƙasa, da garin shinkafa, don tururuwa su karya kumallo. Mista Selvadurai ya nace cewa tashar ma gida ce. Shekara goma sha tara ke nan Kamalam tana durƙusawa tana mita, tana yayyafa ruwa a gindin ginshiƙan katako, tana zana kolam ɗin da bai fi tafin hannu ba.

Maƙwabcinsu Lim Boon Huat, da ake kira Ah Huat, wanda duk gine-ginen ƙaramin layin dogonsa na roba ne, ya sha yin gargaɗi ta saman shinge.

"Shugaba, kullum ƙasar nan a jiƙe take. Ka bari in fesa mata magani mana."

"Mu kira tururuwa cin abinci, sannan mu zuba musu guba? Ah Huat, je ka wanke robobinka."

Tururuwa sun ci sun gode. Gara ce ta biyo danshi ta ƙarƙashin ƙasa ba tare da tikiti ba, ta cinye ciki ta bar fenti a tsaye. Ranar Talata Mista Selvadurai ya sa ɗan yatsa zai gyara agogon bangon tashar, sai yatsan ya faɗa har ɗakin jira.

"Ruwanki ne," in ji shi.

"Ji mana, wa ya ce tasha ma gida ce?" in ji Kamalam. Daga nan ta shiga kicin ta daɗe ba ta fito ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar gada ɗaya, da tankin ruwa, da kan jirgi biyu, da tarago tara. Ta bar kuma mai ita, ɗan shekara saba'in da takwas, wanda tun bara hannunsa ke rawa, ko ƙusa ba ya iya riƙewa. Bai gaya wa kowa ba, amma duk unguwa ta sani. Ko da an sami wani katakon, babu mai gina wata, kuma wannan ne ke cin sa.

Za a ƙone gawar ranar Lahadi da ƙarfe goma na safe a bakin magudana, kamar yadda al'ada ta tanada, kuma kamar yadda Ah Huat ya roƙa saboda shingensa. Za a ba da shayi da vadai, wani irin ƙosai. Ana roƙon masu ta'aziyya kada su zo da tashar kanti a kwali, ko da kyakkyawar niyya ce.

A al'ada ɗa ne ke kunna wa mahaifi wuta. A nan mahaifin ne zai kunna, kuma ya ce ba ya son taimakon kowa. Ya gwada ƙyasta ashana sau shida jiya, duk suka karye. Kamalam ta ce za ta tsaya kusa da shi ta riƙe masa wuyan hannu, kuma duk wanda ya gani ya kau da kai.