Kunnen da Farfesa Ya Warkar

Allah ya yi wa gidanmu baiwa da Baba Farfesa. Bai taɓa leƙa ajin likitanci ba, amma tun da ya yi ritaya aka saya masa babbar waya, ilimi ya rasa wurin zama sai kansa. Likitoci kuwa tausayinsu yake ji. "Yara ne," in ji shi, "kwali kawai gare su."

Ciwon kunne ya sa jikarsa 'yar shekara uku a gaba, ya tafi ya dawo. Uwarta, matar ɗan Farfesa, tsoronta ɗaya: kada yarinyar ta kurumce. Ta yafa mayafi za ta asibiti, Farfesa ya tare ƙofa.

"Ina raye a gidan nan? Ajiye mayafin, 'yata. Yau za ki ga aiki."

Aka mayar da teburin falo ɗakin tiyata. Ga man zaitun an ɗumama a cokali, ga tafarnuwa, ga albasa a cikin safa. Farfesa ya ɗora tabarau a kan tabarau, ya kunna fitilar waya. Yarinyar ta kwanta tana kuka, ta danne kunnen da ke ciwo a jikin matashi. Shi kuwa gwanin ya ɗiga mai a wanda ya tarar a sama.

"Baba, ai ɗayan..."

"Ba a katse masani yana bakin aiki!"

Haka aka yi ta yi kullum. Gida ya gauraye da ƙamshi, har maƙwabta na tambayar me ake soyawa. Farfesa ya fara karɓar gaisuwa da hannun hagu, wai na daman na aikin likitanci ne.

Ranar da ruwa ya fara fita daga kunnen, uwar ta goya 'yarta ta nufi asibiti ba ta nemi izini ba. Ya biyo ta da babbar riga, wai zai je ya duba aikin yaran.

Likita ta haska kunnen dama, ta ɓata rai, ta rubuta magani, ta ce an zo a kan gaɓa, zai warke. Uwar ta sauke ajiyar zuciya har da ƙwalla. Likita ta koma kan na hagu.

"Wannan lafiyarsa ƙalau, sai dai maiƙo."

Farfesa ya gyara hula, ya dubi mutanen ɗakin ɗaya bayan ɗaya.

"To, kun dai ji da bakinta. Wannan shi ne wanda na yi wa aiki."