Wayar Attaher a Ƙugun Kaka

"…da gajiya? To madalla. Shigo, mijin banza, mai ƙafa kamar taɓarya."

Kaka Uwale ce ke amsa gaisuwar jikanta Attaher, mai ɗaukar bidiyon talla da waya. Bakinta na wasa, amma hankalinta bai kwanta ba tun da ta ji ya ɗauki Hamdiya, ɗiyar kawunsa Kalla, a tallan sabulun wani mai butiki, wato kanti. Kalla kuwa ya rantse, ranar da ɗiyarsa ta shiga wayar maza, ranar za ta bar makarantar lise.

"Tsohuwa, har yanzu ba ki mutu ba? Na yi ma wata yarinya alkawarin ɗakinki."

"Sai na binne ka, in yi takaba, in auri wanda ya fi ka tsawo. Miƙo wayar nan in ga irin aikin da ke hana ka kawo cefane."

Yana miƙawa ta cafke, ta soke ta a ƙugun zane.

"Na kama."

"Haba Kaka! Aikina na ciki!"

"Abin da kaka ta kama hannun jika, ba a ƙwatar shi, sai da fansa. Tahi Kornaka ka tambaya."

"In kawo goro?"

"In tauna da haƙoran wa? Naka masu kama da na jaki? Zo ka buɗe min tallan, amma waya na hannuna."

Ya durƙusa ya taɓa. Ga Hamdiya da sabulu a tafi, tana murmushi. Sai ta juya za ta tafi, hoton ya bar sabulun, ya gangara bayanta, ya tsaya can bai ko motsi. Kaka ta ɗago kai ta dube shi.

"Attaher, a baya ta ɗauko sabulun?"

"Haka mai butiki ke so. Haka ake yi ko'ina, ƴar ƙauye. Kuma ita ta yarda, ta ce jikinta ne. Ko matan da suka yi muhawara a rediyo haka suka ce."

"Na ji su, kunnena bai mutu ba. Ɗaya ta ce mace ba haja ba ce, ɗaya ta ce mace ke da jikinta, ta nuna in ta ga dama. Saura kaɗan su yi dambe cikin akwatin. Ni ban yi lakwal ba, ban san boko ba, amma ban ji wadda ta ce a ɗauki yarinya ta baya ba ta sani ba. Hamdiya ta ga wanga wurin?"

Attaher ya sosa ƙeya.

"Ba ta gani ba."

"To saurara, mai kan kwakwa. Ranar kasuwa na kai akuyata kasuwar bisashe, na iske dillalai sun haɗa kai kan waya guda. Na ɗauka karsana suke dubawa. Wannan ya ce ta cika, wancan ya ce a maido baya a sake gani. Na leƙa, ashe ɗiyar mutane ce ke tallan man shafawa. Ba wanda ya tambayi sunan man." Muryarta ta yi ƙasa. "Kawunka Kalla na cikinsu, yana dariya. Gobe wani zai miƙo mishi waya ya ce, malam, duba wagga."

Attaher ya zauna daɓas a ƙasa. Ya san Kalla, ya san kuma Hamdiya wadda ke karatu har da fitilar waya don ta zama likita.

"Mai butiki na jirana yau, Kaka."

"To ɗauke ni. Ga baya nan, shi ya goya uwarka. In na juya, har Sabon Maci sai an sayi sabulu."

"Ke? Jama'a su bar wanka gaba ɗaya!"

"Kai da ba ka taɓa farawa ba, mi ya dame ka? Goge."

Ta riƙe wayar gam, shi kuma ya danna.

"Ta hita? Ba ta laɓe a wani lungu ba? An ce abin nan bai mantuwa."

"Ta hita."

"Ba ka tura ma kowa ba? Dube ni."

"Wallahi ban tura ba."

Ta dube shi cikin ido, ta gyaɗa kai. Shi kuma ya zaro sabulun tallan daga aljihu ya ajiye mata a cinya.

"Ga fansa. Ki wanke bakin nan naki."

Ta sunsuna sabulun, ta cusa shi ƙarƙashin tabarma, ta maida wayar ƙugu.

"Wannan na gaisuwa ne. Waya sai Hamdiya ta taso daga lise, ka faɗa mata da bakinka inda ka aje ido. In ta yarda a sake, ita za ta ce inda hoto zai tsaya."

Attaher ya kama kai, dariya ta ƙwace masa.

"Kin ci, tsohuwa. Amma in ta ɗauko muciya, bayanki zan ɓuya."

"Ɓuya mana. Shi dai ba a ɗaukar shi hoto."