Rasuwar Shafin Manzo Mai Hoto, Wanda Baki Ya Kama

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da wani zafi a ƙirji da ba zan ɓoye wa kowa ba, ni Manzo Mai Hoto na bakin kasuwar Filingue, a madadin kaina da maiɗakina Haske, wadda ta ce kada a sa sunanta amma na sa, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki na ƙasar Kurfey, na gida da na ci-rani, rasuwar shafina na intanet. Rai ya yi halinsa ne ranar kasuwar da ta biyo bayan Babbar Salla, a gindin itacen bedin ƙofar gidan Alhaji Sahabi, a bainar jama'a, bayan doguwar jinya.

An haifi marigayin a shekarar da sojoji suka karɓi mulki, lokacin da wutar lantarki ta koma baƙuwa, ta leƙo ta gaisa ta wuce. Ban taɓa zama a aji don wannan aiki ba. A waya na koya, daga bidiyon wani mutum mai zuba Faransanci da gudu, ina tsayar da shi ina mayar da shi baya. Naƙudar ta yi wuya. Akwai ranar da na manta ban rufe wata 'yar alama ba, rubutun duka ya tattare gefe guda, na wuni ina neman inda na yi kuskure har tuwo ya huce. Amma ranar da na ari wayar maƙwabcina mai shayi, na buga adireshin, na ga sunana ya fito a wayar da ba tawa ba, wallahi sai da na share hawaye. Na raba goro a layinmu. Iya sanina, a lokacin babu wani mutum a Kurfey da ke da shafi na ƙashin kansa, kuma duk wanda ya san wani ya riƙe a cikinsa, yau ba ranar gardama ba ce.

Marigayin mai ladabi ne. Ba a taɓa buɗe shi ya yi shiru ba. Da ka shiga sai ka ji muryata: “Salamu alaikum, kun iso gidan Manzo, maraba lale.” Bayanta sai sarewar wani makiyayi da na ɗauka a kasuwar Baleyara ta biyo, tana tafe da kukan shanu daga nesa. Mai kwalliya ne kuma: bayansa kore, rubutunsa ruwan zinariya, sunana na tafiya daga dama zuwa hagu ba ya gajiya. Yana da hotunan suna da na aure da na kokawa, kowanne cikakke yadda na ɗauke shi, don ni ban iya rage hoto ba, kuma ko na iya ba zan yi ba. Mutum ya sa babbar rigarsa ya tsaya gabanka, sai ka mayar da shi kamar tambarin wasiƙa?

Ciwon ajalinsa ya samo asali ne daga baki, kuma na san bakin. Ibrah ne, ɗan kawuna, taubashina, dillalin hatsi. Kun san tsakanin taubasai ba a fushi, kome ya yi maka sai dai ka yi dariya ka haɗiye. Wata rana ya shigo shagona, ya leƙa kwamfuta ta bayan kafaɗata, ya riƙe haɓa ya ce, “Kai, ɗan mace, wanga abu ya yi kyawo! Kai kay yi shi da hannunka?” Jama'a ku zama shaida: bai ce tubarkalla ba. Na jira, na yi gyaran murya, na ma faɗa da kaina a hankali ko zai kama, bai kama ba. Ko ɗan akuya aka yaba haka ai sai ya kwana da zawo.

Ba a yi nisa ba sai na ji wai Ibrah ma ya yi nasa shafin. Na duba, ba don na damu ba. Fari fat, babu sallama, babu kiɗa, hoto ɗaya tal, na buhun gero, shi ma ƙarami. Abin da yake rubutawa kawai shi ne inda aka yi ruwa: an yi a garin Damana, ba a yi a Tondikandia ta yamma ba, gero ya fara bununi a wuri kaza. Shi ke nan fa. Amma sai ga mutanenmu na Kwatano da Abijan da Lome sun ɗauke shi kamar labaran rediyo, kowa na son jin ko ruwa ya sauka a gonar tsohonsa. Har a gabana ake cewa “Ibrah ya rubuta.” Ni da na riga shi, ni da ya gani a wurina, ba wanda ya taɓa cewa Manzo ya rubuta. Abin ya ci mini rai, kuma har yanzu yana ci.

Daga nan marigayin ya fara nauyin jiki. A buɗe shi, sai ya daɗe bai fito ba. Ban zauna ba, na tashi tsaye wajen magani. Na sa masa “Masha Allah” da manyan baƙaƙe masu juyawa a goshi, yadda ake rubuta wa manyan motoci, ya ƙara nauyi. Na yi wa kwamfutar hayaƙin turare. Da na ga jama'a na son ruwa, na fita na ɗauko bidiyon hadari tun tasowarsa har saukarsa, na ɗora a kan shafin, don a ga ruwa da ido ba da rubutu ba. Na ƙara hotunan ragunan layya, na ƙara kalangu a kan sarewar. Duk wanda ya taɓa turke rago ya san ba a barin mara lafiya da yunwa. Amma baki in ya kama, ya kama. Sallamarsa ta fara sarƙewa, sai ka ji “Salamu… sala… kun iso…” sannan shiru. Ibrah ya zo dubiya ya ce wai na cika masa ciki, wai rezon Filingue, wato ƙarfin intanet ɗin garinmu, ba ya iya ɗaukarsa, in sauke kaya. Kun ji fa, wanda ya jefe ka shi ne mai ba ka magani.

Ana cikin haka Alhaji Sahabi, shugaban ƙungiyar 'yan Kurfey mazauna Kwatano, ya zo gida yin Salla. Ya ce ƙungiya na son shafi guda da za ta riƙa a matsayin na gida, wanda za a riƙa aika wa kowa, kuma zai duba namu biyu ya zaɓa. Wannan matsayi nawa ne tun kafin a ƙirƙire shi. Na sa shaddata, na je da wuri. Alhaji ya ce babba ya fara, ya miƙo wayarsa, na buga adireshin da hannuna.

Wani ɗan zobe ya fito yana juyawa. Ya juya, ya juya. Aka zuba shayi na farko aka sha. Alhaji ya ɗaga wayar sama wajen reshen bedi ya sauke, ya ce, “Manzo, hala kwana shi kai? A tashe shi mana.” Aka yi dariya, Ibrah ya fi kowa. Can sai marigayin ya buɗe baki ya ce “Sala…” Wannan ce kalmarsa ta ƙarshe. Fuskar wayar ta yi fari, kuma bai sake buɗewa a wayar kowa ba. Na Ibrah kuwa, kafin a ɗauke yatsa ya fito. Alhaji ya karanta cewa an yi ruwa a ƙauyensu, ya shafa gemu ya ce, “To, mun gani.” Ban tsaya shayi na biyu ba.

Marigayin ya rasu ya bar mahaifiyarsa, kwamfutar, wadda ke kwance tana zafi. Da hotuna masu yawa da yanzu ba su da mai nuna su. Da adireshinsa da na rubuta da fenti a bangon shago, wanda ba ni da ƙarfin halin gogewa. Ya bar Haske, wadda ta'aziyyarta gare ni ita ce, “Yanzu dai ka ci tuwo da zahi.” Ya kuma bar ni, da na taɓa zama na farko.

Za a yi zaman makoki a shagona, bayan la'asar, har kwana uku. A zo da tabarma. Ba a karɓar shawara, kuma duk mai yabon marigayin ya haɗa da tubarkalla, ko da yake an makara. Babu wanka babu likkafani, za a bar shi inda yake, yana juyawa.

Saura 'yan uwa na nesa, waɗanda dole su ji. Na rasa inda zan sa wannan sanarwa. Ibrah ya zo gaisuwa ya ce, “Kawo in sa maka bisa nawa, ɗan mace, jama'a su ji.” Na roƙi ya haɗa da hoton marigayin ko ɗaya, ya ce ya yi nauyi. Saboda haka ku da kuke karanta wannan a Kwatano da Abijan da Lome, kun san a gidan wa kuke tsaye. Alfarma ɗaya nake nema, don zumunci: in kun kai ƙarshe ku rufe shafin nan take, kada ku gangara ƙasa. An yi ruwa a Damana jiya, mai yawa. Ni Manzo na faɗa muku, ba sai kun duba ba.