Sarin da Muka Yi da Yadin Inna

A hutun makaranta 'ya'yana suka ga sari, dogon zanen da matan Indiya ke naɗawa, a jikin maƙwabciyarmu Ba'indiya a unguwar Utaibiyya, suka nace sai sun yi nasu. Ni da ban taɓa rina ko hankici ba, na ce su bar mini komai.

A akwatin mahaifiyata na samo farin yadi, dogo, a naɗe tsaf. Har na yaba wa kaina iya tattali. Muka shimfiɗa shi a saman bene, muka sassaƙa dankali, muna tsoma shi a ruwan rini, muka buga wa yadin furanni ja da kore.

Inna ta hawo, ta tsaya tana kallon yadin.

"Inna, ya kika ga aikin?" na tambaya, ina jiran yabo.

"Likkafanina ne," ta ce. "Babanku ya wanke mini shi da Zamzam shekarar da ya rasu."

Ta jira ya bushe, ta naɗe abinta, ba ta sake maganar ba. Da ta rasu, sabo muka saya.

Har yau, in yayana ya kwanta ciwo na je dubiya, sai ya ce wa matarsa, "Yalla, maza ɓoye fararen kaya, mai rini ta iso."