Ladanin Barno a Kambaza

Duk manhajojin kwamfutata ba wadda nake ji da ita kamar mai kiran salla. Abokina ɗan Maiduguri ya saka min ita a Kalgo.

Da azumi na kai ta zauren Kawu a Kambaza, hadari ya rufe rana. Ta rangaɗa kiran magariba, dattawa suka matso suna kallo.

"Ikon Allah," in ji Kawu. "Ba ta kuskure?"

"Haba Kawu, inji ne fa."

Mun shanye kunu ke nan hadari ya washe, rana ta leƙo jawur. Ashe lokacin Maiduguri take bi.

Dukanmu muka rama azumin. Har yau in na shigo gari sai Kawu ya ce, "Ladanin Barno, mu sha ruwa ko mu jira rana?"